Zakara Ɗaya Ba Shi Ne Kasuwa Ba

A ƴan shekarun nan wata sabuwar lacca ta shigo ƙasar Hausa, kuma ta samu masu saurare. Ana jin ta a tarukan horar da matasa, ana jin ta a gidajen rediyo, ana kuma ganin ta cikin gajerun hotunan bidiyo da ke tsalle daga wannan salula zuwa waccan, har ta ratsa Maraɗi da Tasawa ta sauka Mayahi da ƙauyukan Sarkin Hausa. Jigonta bai da tsawo: wai duniya ta koma cikin waya, saboda haka duk saurayin da ya mallaki kwamfuta, ya kuma koyi ƙera wasan bidiyo, to ya kama hanyar arziki, ba sai ya jira damina ko aikin gwamnati ba. Daga nan sai mai lacca ya gyara murya ya jero hujjojinsa. Ya ce kasuwar wasannin bidiyo tana juya sama da dalar Amurka biliyan 180 a shekara, wato kusan ninki goma na dukan abin da Nijar ke samarwa. Ya ce wani ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, ya fara Minecraft shi kaɗai a 2009, a 2014 Microsoft ya saye kamfanin da ke riƙe da wasan a kan dalar Amurka biliyan 2.5. Ya ce wani saurayi a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam, Dong Nguyen, ya ƙera wani ɗan wasan tsuntsu mai suna Flappy Bird, a farkon 2014 aka ruwaito yana samun dalar Amurka 50,000 kowace rana daga tallace-tallace.

Babu ƙarya ko ɗaya cikin waɗannan labarai, kuma nan ne haɗarin yake. Da ƙarya ce tsagwaronta, da malamin lakwal na farko da ya ji ta ya ƙaryata ta, magana ta mutu. Amma yaudarar da aka gina da tubalin gaskiya ta fi wuyar rushewa, domin duk wanda ya tashi musu sai a nuna masa tubali ɗaya a ce, to wannan ƙarya ne? Yaudarar tana cikin zaɓen misalan. An tambayi yadda kasuwa take, sai aka amsa da labarin mutum biyu ko uku da suka fi kowa sa'a a cikinta. Kamar baƙo ne ya tambayi yadda kokawa ke ciyar da masu yin ta a Nijar, sai a nuna masa wanda ya ɗauki takobi bana, da rawaninsa da dokinsa da kyautar miliyoyi, a manta cewa ƴan kokawa 80 ne jihohi takwas ke aikowa, takobin kuwa ɗaya ne, kuma bayan waɗannan 80 ɗin akwai ɗaruruwa da suka sha ƙasa tun a filin gunduma, suka koma gida da targaɗe.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan magana ba ya buƙatar digiri. A ɗauki magidanta goma na wani gari a ƙasar Mayahi. Tara daga cikinsu kowa ya ɗaure dami 20 na hatsi. Na goman wani alhaji ne mai gonaki da shanun huɗa da takin zamani, shi ya ɗaure dami 1,000. In aka tara aka raba daidai, irin lissafin da ƴan lakwal ke kira muwayan, sai takarda ta ce kowane magidanci yana da dami 118. Duk wanda ya karanta wannan takarda a Yamai zai ce garin ya ƙoshi. Amma gidaje tara cikin goma rumbunsu zai yi ƙasa tun kafin bazara ta tsaya. Akwai wani lissafi na biyu, wanda ya fi na farko tsoron Allah: a jera mutanen goma daga mai ƙarami zuwa mai babba, a duba wanda ya faɗo tsakiyar layi, a tambayi abin da ke rumbunsa. Amsa ita ce dami 20. Wannan ɗan-tsakiyar shi ne ke ba da labarin gari, domin shi ne ya fi kama da mutumin da za a ci karo da shi a bakin rijiya. Masu lacca ba su ko tsaya a lissafin raba-daidai ba, wanda shi ma yana ruɗi. Sun tsallake shi sun tafi kai-tsaye rumbun alhaji, suka buɗe shi, suka ce wa yara ga abin da noma ke bayarwa.

Malamai sun fi kowa sanin wannan. Ba a taɓa jin sufeto ya yaba wa makaranta don ɗalibi ɗaya ya zo na farko a jiha alhali 50 sun faɗi jarrabawar BEPC ba. Abin da yake tambaya shi ne nawa suka zauna, nawa suka ci. Abin mamaki shi ne a ga malamin da ba zai yarda a auna ajinsa da ɗan fari kaɗai ba, ya zauna a layin gaba yana tafa wa wanda ke auna kasuwar duniya da Minecraft.

To, nawa suka zauna, nawa suka ci? Babbar kasuwar wasannin kwamfuta ita ce Steam, ta kamfanin Valve na Amurka, wadda aka buɗe a 2003. Tun 2017 ƙofarta a buɗe take ga kowa: mutum ya biya dalar Amurka 100, wato jikka hamsin da ƴan kai, a ɗora masa wasansa. A 2024 kaɗai an ɗora sababbin wasanni sama da 18,000, kimanin 50 ke nan kowace rana ta Allah. Daga cikinsu, kusan huɗu cikin biyar ba su samu masu saye da masu bugawa da za su kai Valve ya cire su daga rukunin wasannin da bai gama amincewa da su ba. Kamfanin ya yi alkawarin mayar wa mutum dalarsa 100 in wasan ya kawo cinikin dala 1,000, kuma ɗimbin wasanni ba su taɓa kai wa wannan ƙaramin mataki ba. Wanda ya kai ma, sai an cire wa Valve kashi 30 cikin 100, an cire na waɗanda suka maido da kaya, an cire haraji, kafin a yi maganar shekara ɗaya ko biyu da ya ɓata yana aikin. Akwai kuma wani adadi da ya fi waɗannan ɗaci. A rahoton da Valve ya fitar na ƙarshen 2024, kashi 15 cikin 100 kacal na lokacin da mutane suka ɓata suna wasa ya tafi ga wasannin da suka fito a wannan shekara. Sauran duk ya tafi ga tsofaffi. Ma'ana, sabon shiga yana gasa da dubban sababbi irinsa a kan ɗan guntun lokaci, alhali tsofaffin zakaru sun riga sun kwashe kason zaki.

Su kansu zakarun da ake kafa hujja da su, in aka matsa kusa aka duba, labarinsu ya fi ƙarfafa wannan raddi. Angry Birds, wanda ya fito a ƙarshen 2009, ya zo ne bayan kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya ƙera wasanni 51 da ba su yi wani tasiri ba, har ya kusa durƙushewa. Eric Barone, wanda ya fitar da Stardew Valley a 2016, ya shafe sama da shekara huɗu yana aikin shi kaɗai, yana ɗan aikin nuna wa mutane kujera a wani gidan kallo, abokiyar zamansa tana ɗauke da mafi yawan nauyin gida. Among Us ya fito a 2018 ya yi shekara biyu kusan ba wanda ya san da shi, sai da annobar korona ta kulle mutane a ɗaki a 2020, wasu masu nuna wasa kai-tsaye a intanet suka ɗauke shi, sannan ya fashe. Wasan bai canza kamanni tsakanin 2018 da 2020 ba. Duniya ce ta canza. Flappy Bird ma ya yi watanni a kwance tun 2013 kafin ya tashi, kuma mai shi da hannunsa ya janye shi daga kasuwa a watan Fabrairu na 2014. Wanda ya ce ya san sirrin da zai maimaita irin wannan, to ya fi manyan kamfanoni sani. Ga Sony da dukan dukiyarsa da masanansa: ya fitar da Concord a watan Agusta na 2024 bayan shekaru ana aiki, cikin mako biyu ya janye shi ya mayar wa mutane kuɗinsu, ya kuma rufe ɗakin da ya ƙera shi. A 2023 da 2024, kowace shekara ma'aikata sama da 10,000 ne aka sallama a wannan masana'anta da ake cewa ruwan kuɗi ake yi a cikinta.

Amma Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Finlan don ya koyi wannan darasi. Ya riga ya biya kuɗin makarantarsa a Kano, da tsada kuwa.

Finafinan Hausa na kaset, waɗanda a Nijar aka fi sani da dandalin soyayya, sun fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Shekaru aka yi ana tafiya a hankali, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suna haɗa kuɗi suna yin abin da za su iya. Sai Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, Wasila ya biyo baya a 2000. Waƙoƙinsu suka cika gidajen biki da tashoshin mota daga Kano har Maraɗi da Damagaram, kaset ya riƙa ƙetare iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, gidajen kallo suka cika. Abin da ya biyo baya duk wanda ya kai shekara arba'in ya gani da idonsa. Kowa ya zama furodusa. Mai shago ya kwashe jarinsa, magaji ya sayar da filin gado, mace ta sayar da ƴan kunnenta, aka hau mota aka nufi Kano da labari a aljihu. Kowa Sangaya yake hange, kowa ya sa rawa da waƙa irin ta Sangaya, har kasuwa ta cika da finafinai masu kama da juna kamar ƙwan zabi. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da sauran irinta sun cika shafuka da hotunan taurari, kuma ba laifinsu ba ne, abin da mai saye ke so ke nan. Wanda ya karye ba a ɗaukar hotonsa. Shiru yake yi ya koma garinsu da dare, irin dawowar ɗan ci-ranin da bai samo ba. Wanda ya samo shi ne ke shigowa da rana tsaka a kan sabon babur, yara suna bin sa, kuma shi kaɗai gari ke tunawa in an tashi maganar tafiya.

Yadda aka tsara cinikin ma abin a tsaya a duba ne, domin shi ne ainihin tsarin Steam tun kafin a san Steam a nan. Galibi furodusa shi ke ɗaukar nauyin komai: ya biya ƴan wasa, ya biya mai kyamara, ya biya mawaƙa, ya buga kwalaye. Sannan ya kai wa ƴan kasuwa na Ƙofar Wambai da Bata, su kwafi fim a kan kaset ɗinsu, su biya shi kuɗin kwalin da ya shiga, wanda bai shiga ba a maido masa da abinsa. Ɗan kasuwa yana riƙe da finafinai ɗari. In biyar sun yi kasuwa sun rufe masa asarar sauran, wadda dama ba shi ya ɗauka ba. Furodusa kuwa fim ɗaya gare shi, kuma a cikinsa ya zuba duk abin da ya mallaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka Valve, haka Apple da Google a kasuwannin salula, waɗanda su ma ke yankar kashi 15 zuwa 30: su ba ruwansu da wane ne zai ci, tunda kowa ya ci da su aka ci. Saboda haka in aka ce manyan nasarori su ke riƙe da masana'anta, gaskiya ne, amma gaskiyar mai rumfa ce. Lissafin raba-daidai yana yi wa mai hannu a wasa dubu aiki. Mai wasa ɗaya ba zai taɓa karɓar raba-daidai ba. Abin da ya fi yiwuwa ya karɓa shi ne rabon ɗan-tsakiya.

Ƙarshen kasuwar kaset da faifai kuma sananne ne. Satar fasaha ta ci ta, ƴan tura finafinai a katin waya suka ƙarasa ta, finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suka kwashe sauran masu kallo. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, aka koma shirye-shirye masu dogon zango, daga baya aka koma YouTube. Da Izzar So da Labarina suka yi tashe daga 2020, sai tsohuwar laccar ta sake riga ta dawo: buɗe tasha, ka zama miloniya. Tashoshi nawa aka buɗe, nawa suka mayar da ko kuɗin data? Haka aka yi da littattafan soyayya bayan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990. Sau uku ke nan ana nuna wa al'umma ɗaya zakara ana ce mata kasuwa ce, ga na huɗu an kawo da sunan wasan bidiyo.

A ƙara da cewa ɗan-tsakiyar da aka ambata a Steam ba ɗan Sarkin Hausa ba ne. Mutum ne da ke da wutar lantarki dare da rana, da intanet mai sauri, da asusun banki da kuɗin waje ke shiga ba wahala, da Ingilishin rubuta talla. Duk da haka bai mayar da kuɗinsa ba. Yaron Mayahi daga bayan wannan yake farawa. Wutar da jihar Maraɗi ke sha, babban kasonta ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A ƙauyuka da yawa ma maganar ba ta kai nan ba, salula a wurin mai caji take kwana. Masu bugawa kuwa akwai su, ba a musu: a duba yadda yara ke cika rumfunan PlayStation suna buga ƙwallo, a duba Ludo da Free Fire a wayoyin samari. Sai dai mai bugawa daban, mai biya daban. Wasannin da suka saba da su kyauta suke zuwa, ko a tura musu daga wata wayar, kuma kamfanoni masu ma'aikata ɗaruruwa ne suka ƙera su. In an ce a dogara da talla, to masu talla suna biya ne gwargwadon aljihun mai kallo, idon da ke kallo daga Tasawa kuwa ba a saye shi da farashin idon da ke kallo daga Amurka. Wanda ke samun kuɗi tabbatacce a harkar wasa a waɗannan garuruwa shi ne mai rumfa da janareto da talabijin biyu, wanda ke karɓar ƴan daloli a kowane zagaye, da mai cajin waya, da mai sayar da data. Sai kuma mai shirya horon kansa.

Za a ce wannan magana kashe gwiwa ce, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Za a kawo Olivier Madiba na Kamaru, wanda ɗakinsa Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, da Leti Arts na Gana da Kenya, da Maliyo Games na Legas, a ce da sun saurari masu lissafi da ba su fara ba. Waɗannan mutane sun cancanci yabo, kuma ba wanda ya ce kada a fara. Amma shekaru Madiba ya yi yana neman masu zuba jari ɗaya bayan ɗaya, har da roƙon gudummawar jama'a ta intanet, kafin wasan ya fito; bai sayar da gonar gidansu a kan maganar wani mai lacca ba. Kuma yadda sunaye ukun nan ko huɗu suke dawowa a kowace lacca game da nahiya mai mutum sama da biliyan ɗaya, shi kansa amsa ne. Faɗa wa yaro gaskiyar rabo ba ya hana shi farauta. Yana hana shi ne ya yanka akuyar gida tun kafin ya ga zomon.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Masu ita na cewa ɗan-tsakiyar Steam ba ma'auni ba ne, domin dubban wasannin da ake ɗorawa tarkace ne, aikin ƴan koyo da ƴan gwaji da masu kwafe-kwafe. In aka tsame su, aka bar waɗanda aka yi da gaske, lissafi zai gyaru. Haka ne, zai ɗan gyaru. Sai dai matsalar ita ce ba wanda ya taɓa ɗora wasansa yana ganin tarkace ne. Duk furodusan da ya nufi Ƙofar Wambai da kwalayensa ya yi imani nasa daban ne. Rarrabe na gaske da tarkace bayan an ga sakamako abu ne mai sauƙi, kamar faɗin wanda zai ci kokawa bayan an tashi daga fili. In kuwa ana son a tace, to a tace da adalci: a ware wasannin farko na mutanen da ba su da kuɗin talla, ba su da mawallafi, ba su da suna, a duba na tsakiyarsu. Wannan rukunin shi ne yaron Tasawa zai shiga, ba rukunin Rovio na wasa na 52 ba.

Abin takaici shi ne Sarkin Hausa ta san wannan hanyar awo tun kafin a haifi masu laccar. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da masu bincike na jami'ar Bordeaux ƙarƙashin Claude Raynaut suka so fahimtar halin noma da zaman mutane a ƙasar Maraɗi, ba su je gonar wanda ya fi kowa ba. Sun zaɓi ƴan garuruwa daga kudu mai ruwa zuwa arewa mai ƙarancinsa, waɗanda za su tsaya a madadin sauran, Sarkin Hausa na cikinsu tare da Magami da Ɗan Kullu, suka bi gida-gida da gona-gona. Wajen shekarar 2000 Michael Mortimore da abokan aikinsa suka sake komawa waɗannan garuruwa don su ga abin da ya canza. An zaɓi garin ne domin yana kama da sauran garuruwa, kuma wannan kamannin shi ne darajarsa ga ilimi. Manomin wurin ma haka yake lissafi. Ba ya ɗaura auren ɗa a kan damina mafi albarka da ya taɓa gani. Yana duba shekarar da aka saba, yana kuma tuna 1984 da 2005. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin asusun da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama, ba su ba da rance a kan ribar da wata ta taɓa ci sau ɗaya ranar sallah. Suna duba abin da mai ƙosai ke samu ranar Talata. Jama'ar da ke da wannan hankali a gona da asusu ba ta cancanci a zo mata da lissafin ƴan caca da sunan zamani ba.

Wannan duka ba ya nufin ƙungiyoyin al'adu su juya wa wasan bidiyo baya. Akasin haka ma. Yaran da ke buga Ludo a waya ba su iya dara ba, da yawansu ba su taɓa jin dokokinta ba. Gizo da Ƙoƙi, da langa, da kacici-kacici, da karin magana, duk kayan wasa ne da ke jiran mai ɗora su a allo da Hausa. Tarihin ƙasar ma yana nan: a Ɗankori aka kashe Kanar Klobb a watan Yuli na 1899, a Maijirgi kusa da Tasawa ayarin Voulet da Chanoine ya watse, kaburburansu suna can, kuma yaran gundumar sun fi sanin sunayen ƴan ƙwallon Turai da wannan labari. Ɗan ƙaramin wasa da zai koya wa ɗan aji uku karatun Hausa, ko ya sa shi bin sawun wannan tarihi gari-gari, abu ne mai daraja ko da bai kawo dala ɗaya ba. Amma sai a kira shi da sunansa. Aikin al'ada ne da ilimi, irin wasan kwaikwayon makaranta da gasar waƙa, a yi masa kasafi da kuɗin da ƙungiya za ta iya rasawa ba tare da an yi kuka ba, a auna shi da yawan yaran da suka buga suka ƙaru. Wanda ya koyi rubuta manhaja ta wannan hanya bai yi asara ba, domin sana'ar tana da amfani a asibiti da kamfanin waya da ma'aikatar kuɗi, inda albashi ke zuwa kowane wata. Bambanci ne babba tsakanin a ce wa yaro koyi wannan zai amfane ka, da a ce masa sayar da bijimin gidanku ka sayi kwamfuta za ka zama Markus Persson.

Akwai kuma aikin da malamai da ƙungiyoyin Tasawa da Mayahi za su iya yi da hannunsu cikin rani ɗaya, ba tare da jiran wani mai ba da tallafi ba. Su buɗe rajista, irin ta kiran suna a aji. A rubuta duk wanda ya taɓa zuba kuɗi a fim, ko faifan waƙa, ko littafi, ko tashar YouTube, ko manhajar waya daga waɗannan gundumomi tun daga shekarar 2000: nawa ya zuba, daga ina ya samo, nawa ya dawo bayan shekara biyu, me yake yi yanzu. A sakaya sunaye don kare mutunci, a jera adadin daga ƙarami zuwa babba, a ja layi a tsakiya, a buga sakamakon da Hausa da Faransanci. Waɗanda suka ci ba su da wuyar samu, kowa ya san ƙofar gidansu. Wahalar tana wajen sauran, waɗanda za a tarar suna kabu-kabu ko suna jiran shagon wani, kuma ba za su so a tayar da maganar ba sai an zauna da su an sha shayi, wataƙila sai a zama na biyu ko na uku sannan ɗaya daga cikinsu ya shiga ɗaki ya jawo buhun kwalayen da aka maido masa daga Kano.